Kundayen Michael Jackson daga 1979 zuwa 2001: wanne ya fi, wanne ya yi tsawo, wane bugu ya kamata a nema

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san mai minti 90 yana ɗaukar minti 45 a kowane gefe. Off the Wall minti 42 ne da 'yan daƙiƙoƙi, Thriller ma haka, don haka kaset ɗaya ya ishe su, wannan a gaba wancan a baya. Dangerous kuwa minti 77 ne, Invincible ma kusan haka, ba yadda za ka yi ka cusa ɗayansu a gefe guda. Wannan bambancin tsawon shi ne babban abin da ya raba kundayen mutumin nan gida biyu. Muryar ba ta taɓa gazawa ba har ƙarshe, kuɗin sutudiyo ma ƙaruwa suka yi ta yi. Abin da ya ragu shi ne mai iya ce masa "wannan waƙar a cire ta".

Kafin 1979 ya riga ya fitar da kundaye huɗu shi kaɗai a kamfanin Motown: Got to Be There da Ben a 1972, Music & Me a 1973, sai Forever, Michael a 1975. Yaro ne mai murya, ana rubuta masa yana rerawa, ba shi da ta cewa a kan kiɗa. In ba mai tara kayan tarihi ba ne kai, tsallake su.

Off the Wall ya fito a watan Agustan 1979 a kamfanin Epic, Michael yana da shekara 20. Furodusa Quincy Jones ne, wanda suka saba da shi a wajen aikin fim ɗin The Wiz, injiniyan sauti kuma Bruce Swedien. Waƙa goma ce, kuma kusan duk abin da kunnenka zai ji hannun mutum ne ya kaɗa shi: John Robinson a kan ganguna, Louis Johnson a kan jitar bes, Greg Phillinganes a kan piyano da kibod, Jerry Hey yana jagorantar masu busa. Shi ya sa kiɗan yake numfashi. Ka saurari "Workin' Day and Night" da abin ji na kunne mai kyau, za ka ji ƙananan kayan kaɗe-kaɗe sun bazu dama da hagu, bakin mawaƙin ma ya zama wata ganga, amma babu wanda ya take ƙafar wani.

Tsarin jerin waƙoƙin ma darasi ne. Gefen farko na faifan waƙa huɗu ce, duk na rawa, daga "Don't Stop 'Til You Get Enough" har "Get on the Floor", ba hutu. Sai an juya faifai sannan a sassauta. Rod Temperton, Baturen Ingila, ya rubuta uku, ciki har da "Rock with You". Stevie Wonder yana da hannu a "I Can't Help It", wadda a ganina ita ce waƙar da ta fi kowacce laushi da zurfin kiɗa a duk aikin Michael, ko da yake ba ta yi suna ba. Rauninsa ɗaya ne: "Girlfriend" ta Paul McCartney ba ta da nauyin 'yan uwanta, kamar an sa ta ne don girman sunan mai ita. Minti uku ce, ba ta daɗe ta wuce.

Mai neman faifan garmaho na Off the Wall ya lura da abu guda. Bugun farko yana ɗauke da wani haɗin sauti na "Rock with You" da babu tafi a amshinsa. Daga baya aka maye gurbinsa da haɗin da ya shiga rediyo, mai tafi, kuma shi ne ke kan yawancin CD da manhajojin sauraro. "Get on the Floor" ma an taɓa ta. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne, amma in mai sayarwa ya ce maka bugun farko ne yana neman ƙarin kuɗi, sa amshin waƙar nan ka ji.

Kundin ya sanya waƙa huɗu cikin goman farko a Amurka, amma kyautar Grammy ɗaya kawai ya samu. Abin ya ci wa Michael rai, kuma da wannan haushin ya shiga aikin Thriller.

Thriller ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982, waƙa tara. Ya yi mako 37 a saman jerin kundayen mujallar Billboard ta Amurka, waƙa bakwai daga cikin taran suka shiga goman farko, a 1984 kuma Michael ya kwashi Grammy takwas a dare ɗaya. Wannan kowa ya sani. Abin da ya fi amfani ga mai sauraro shi ne yadda aka yi har ya zama minti 42. Faifan garmaho zane ne siriri da allura ke bi. In aka tsawaita waƙoƙi a gefe ɗaya, dole a matse zanen, in aka matse shi kuma sai a rage ƙarfin sauti da nauyin bes, in ba haka ba allura ta yi tsalle. Kimanin minti 20 ne gefe guda yake ɗauka cikin daɗi. Haɗin farko na Thriller ya zarce haka, da suka saurara suka ji sautin ya fito a sirance, ba ƙarfi. Sai suka koma suna sake haɗa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, suna yanka. "The Lady in My Life" har baiti aka cire mata. Quincy ya so a gutsure doguwar shimfiɗar "Billie Jean", Michael ya ƙi, ya ce ita ce ke sa shi jin rawa, kuma shi ya yi gaskiya. Amma ka lura, sai da ya yi gardama kafin ya samu, kuma a wasu wuraren shi aka kayar.

Aikin Swedien a nan ya cancanci a tsaya a kansa. Makirufon da ya fi amfani da shi wajen ɗaukar muryar Michael shi ne Shure SM7, wanda ba ya cikin masu tsadar gaske. Wajen muryoyin amshi, sai ya sa mawaƙin ya rera kusa da makirufo, sannan ya ja da baya ya sake rerawa, a ƙara ƙarfin na'ura don su daidaita. Da haka kowane layi yake ɗauko ɗan amon ɗakin, muryoyin su yi kauri ba tare da sun cakuɗe ba. Faifan maganaɗisu kuma yana dakushewa in ana ta maimaita shi, kaifin bugun ganga ne ke fara tafiya. Don haka da zarar an ɗauki ganguna da bes, sai ya kwafe su a wani faifan na aiki, ya adana na asalin, ba ya sake taɓa shi sai ranar haɗawa ta ƙarshe. Wannan ne sirrin bugun "Billie Jean", wanda Ndugu Chancler ya kaɗa: ganga ce kawai ba ado, amma daƙiƙa biyu sun isa ka gane waƙar. Swedien ya ce sau 91 ya haɗa ta, ƙarshe aka koma kan na biyu. Kada ka yanke mata hukunci da lasifikar waya, domin rabin waƙar a bes ɗin Louis Johnson yake, waya kuwa ba ta fitar da shi.

Gefe na biyu na Thriller, wato "Beat It" da Eddie Van Halen ya yi wa jita, "Billie Jean", "Human Nature", "P.Y.T." da "The Lady in My Life", da wuya a samu minti 20 da suka fi su a kiɗan pop. Gefen farko ne bai kai ba. "The Girl Is Mine" da McCartney, musamman hirar da suke yi a ƙarshenta, tana sa mutum ya miƙa hannu ya tsallake. Waƙar "Thriller" kanta, in aka cire bidiyonta da muryar ɗan fim Vincent Price, wasa ce mai kyau, ba fiye da haka ba. Dalilin da ya sa nake ɗora Off the Wall a samansa ke nan in ana maganar kundin da za a saurara daga farko har ƙarshe. Thriller ya fi shi manyan waƙoƙi, bai fi shi daidaito ba.

Akwai kuma bashin da ke kan waƙar buɗewa. Amshin da ake ta maimaitawa a ƙarshen "Wanna Be Startin' Somethin'" ya samo asali ne daga "Soul Makossa" ta Manu Dibango, ɗan Kamaru, wadda ta fito a 1972. Ba a nemi izininsa ba, ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu.

Game da bugu: CD na shekarun 1980 da faifan garmaho na asali sun fi barin sauti ya sake. Bugun musamman na 2001 an ƙara masa ƙara, an kuma cika ƙarshensa da hirarraki. Thriller 25 na 2008 ya fi matsewa, ga sababbin haɗe-haɗe da will.i.am da Akon da Kanye West da Fergie da ba su ƙara wa asalin komai ba. Yadda ake ƙara ƙarar shi ne a danne wuraren da sauti ya yi sama don a ɗaga sauran, sai bugun ganga ya daina fitowa daga cikin kiɗa, komai ya zama tsayi ɗaya. A mota ko a kasuwa ba za ka damu ba. A ɗaki shiru, bayan rabin sa'a kunne ya gaji.

Bad, 31 ga Agustan 1987, shi ne na ƙarshe da Quincy. Waƙa goma a faifan garmaho, goma sha ɗaya a CD, domin "Leave Me Alone" a CD kaɗai aka sa ta. Michael ya rubuta tara daga ciki, kuma biyar daga waƙoƙin kundin suka hau lamba ɗaya a Amurka. A nan injin ya fara karɓe aikin hannu. Na'urar Synclavier da gangunan inji sun mamaye kiɗan, sautin ya yi kaifi da sheƙi kamar gilashi, bes ya ragu. Shi ya sa Bad ya fi Off the Wall jin tsufa duk da Off the Wall ya girme shi da shekara takwas: kana ji ka san 1987 ce. Waƙar Michael ma ta canza, ya rage jan murya, ya ƙara cije kalmomi da shessheƙa da ihu. A "Smooth Criminal" wannan salon ya zauna daram, domin muryar ta zama wani ɓangare na kiɗan. A "Speed Demon" kuwa salon ya fi waƙar yawa. "Just Good Friends" da Stevie Wonder asarar manyan mutane biyu ce. "Man in the Mirror", wadda Siedah Garrett da Glen Ballard suka rubuta, ita ce ƙashin bayan kundin, saboda yadda ƙungiyar mawaƙan Andraé Crouch take shigowa bayan an ɗaga sautin waƙar sama. Abin dariya ɗaya: "Liberian Girl" da Swahili aka buɗe ta, a bakin Letta Mbulu 'yar Afirka ta Kudu, alhali Laberiya tana yammacin Afirka, ba a jin Swahili a can. Waƙar dai tana da daɗi.

Shi ma Bad an sauya masa haɗe-haɗe bayan bugun farko. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: in "I Just Can't Stop Loving You" ta fara da Michael yana magana cikin raɗa kafin waƙa, to na farko ne a hannunka. Bugun baya sun yanke raɗar.

Daga nan aka shiga zamanin CD sosai, wanda ke ɗaukar sama da minti 70, Quincy kuma ya tafi. Dangerous ya fito a Nuwamban 1991 da waƙa 14. Teddy Riley, wanda ya kafa salon new jack swing, yana da hannu a bakwai, Bill Bottrell da Swedien suka riƙe wasu. Ta fuskar sauti zalla, wannan ne kundin da ya fi kowanne, kuma ya ci Grammy na aikin injiniya. Bugun gangar "Jam" kamar bulala yake, "Who Is It" kuma tana da bes mai zurfi da muryoyin da aka jera su hawa-hawa. In kana son gwada sabuwar lasifika, waɗannan biyun sun isa: mai arha za ta yi kuka a "Jam", ta kuma haɗiye ƙasan "Who Is It".

Matsalar a jeri take da tsawo. Waƙa shida na farko duk na Riley ne, bugu iri ɗaya, kuma da yawansu sai su ƙare amma su ƙi tsayawa, a yi ta maimaita amshi minti ɗaya ko biyu. Kafin ka kai "Can't Let Her Get Away" kunnenka ya ƙoshi. Daga nan ba shiri a jefa ka cikin "Heal the World", kamar an ɗauke ka daga gidan rawa an ajiye a taron makarantar firamare. "Black or White" sai ka jira kusan minti guda na wasan uba da ɗa kafin jita ta shigo, "Will You Be There" kuma da guntun kiɗan Beethoven aka buɗe ta. A zamanin garmaho da ba a bari ba. Ga gyaran da kowa zai iya yi a wayarsa: "Jam", "In the Closet", "Remember the Time", "Black or White", "Who Is It", "Give In to Me" wadda Slash ya kaɗa wa jita, "Will You Be There", a rufe da "Dangerous". Bai kai minti 50 ba, kuma a haka yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Thriller. CD na 1991 ya fi na 2001 sakewa, shi za a nema. A garmaho kuma faifai biyu ne, wanda aka matse a ɗaya ba zai yi ƙarfi ba.

HIStory na 1995 faifai biyu ne, na farko tsofaffin waƙoƙi 15, na biyu sababbi 15. Dabarar kasuwa ce da ta cuci mai saye, domin wanda ya riga ya mallaki tsofaffin sai ya sake biyan kuɗinsu kafin ya kai ga sababbin. Kundin ya zo ne bayan zargin cin zarafin yaro da aka yi masa a 1993, kuma fushin yana ko'ina: a kan 'yan jarida, a kan mai gabatar da ƙara, a kan kuɗi da masu cin amana. Jimmy Jam da Terry Lewis suka yi "Scream" da ƙanwarsa Janet, sauti mai kama da fasa ƙarfe. "They Don't Care About Us" kusan ganga ce da murya kawai, kuma a nan ƙarfinta yake. An soki wasu kalmomi biyu a cikinta da cewa cin fuska ne ga Yahudawa, ya ba da haƙuri, bugun baya aka rufe kalmomin da ƙara. "Stranger in Moscow" ita ce gwanar kundin, kuma tana cikin uku mafi kyau da ya taɓa rubutawa: a hankali take tafiya, ba ihu, kaɗaici ne tsantsa. "You Are Not Alone" ta kafa tarihin zama waƙa ta farko da ta shiga jerin Billboard kai tsaye a lamba ɗaya, amma waƙa ce da mawaƙa goma za su iya rerawa ba a ji bambanci ba. Rabin ƙarshe na faifan ya watse: ga waƙar Beatles da aka ɗauka tun shekarun Bad, ga "Little Susie" mai doguwar shimfiɗa, ga waƙar "HIStory" da aka cika da guntayen jawabai. Kundi ne mai gaskiya a zuci, marar mai tacewa.

Blood on the Dance Floor na 1997 ba cikakken kundi ba ne, sababbi biyar ne da tsofaffi takwas da aka sake wa kiɗa. Biyar ɗin sun cancanci saurare, musamman "Morphine". Takwas ɗin a bar su.

Invincible, Oktoban 2001, waƙa 16, shi ne kundin sababbin waƙoƙi na ƙarshe da ya fitar yana raye. An buga bangonsa kala biyar, amma abin da ke ciki ɗaya ne, kada a ruɗe ka da farashi. Rodney Jerkins ne babban furodusa, kuma waƙoƙinsa uku na farko sun cinye kimanin minti 16 da bugun inji mai tsauri wanda ya danne muryar. Mutane da yawa a nan suka kashe, ba su kai ga alherin ba. Alherin yana tsakiya: "Break of Dawn", "Heaven Can Wait", da "Butterflies" wadda Marsha Ambrosius da Andre Harris suka rubuta, inda mutum mai shekara 43 yake hawa siririyar murya kamar ta 1979. Can kusa da ƙarshe akwai "Whatever Happens" da jitar Carlos Santana, waƙa mai labari da aka binne a lamba ta 15 bayan jerin waƙoƙi masu zaƙi fiye da kima irin su "You Are My Life" da "Cry" da "The Lost Children". Rikicinsa da kamfanin Sony da shugabansa Tommy Mottola ya sa tallata kundin ya tsaya da wuri, bai kuma yi rangadi a kansa ba. Magoya baya suna ɗora laifin duka a kan wannan. Ni dai ina ganin ko da an tallata shi, minti 77 ɗin suna nan. Ɗauki "Unbreakable", huɗun can na sama, "You Rock My World", "Speechless" da "Threatened", ka samu kundin minti 40 da ba za ka ji kunyar sa wa baƙo ba.

Mai farawa ya fara da Off the Wall, ya bi da Thriller, sannan Dangerous a gyare. Bad ya zo na huɗu, HIStory da Invincible kuma a tsince su tsinta.

Bayan rasuwarsa a ranar 25 ga Yunin 2009 an fitar da kundayen sutudiyo biyu da sunansa. Michael na 2010 ya zo da rigima, domin iyalansa da masu sauraro da dama sun ce waƙa uku a ciki, "Breaking News" da "Monster" da "Keep Your Head Up", ba muryarsa ba ce. A 2022 aka janye su daga manhajojin sauraro, amma tsofaffin CD suna ɗauke da su har yanzu. Xscape na 2014 waƙa takwas ne da Timbaland da wasu furodusoshi suka sake wa kiɗa a ƙarƙashin L.A. Reid, shugaban kamfanin Epic na lokacin. In za ka saya, nemi babban bugun, wanda ya haɗa da waƙoƙin yadda Michael ya bar su. "Love Never Felt So Good" ta asali piyano ce da murya da ƙyasta yatsu kawai, shi da Paul Anka suka yi ta a farkon shekarun 1980.